Yadda Ake Raba Ɗakunan Kwana Ga Babban Iyali A Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Tun da muka dawo daga tafiyar kwana bakwai a Tekun Fasha, wadda muka taso daga Dubai muka koma Dubai, tambaya ɗaya ake ta yi mini a majalisa, a kasuwa, har a ƙofar masallaci bayan Isha'i: "Alhaji, ku goma cif, ya kuka yi da wurin kwana?" Masu tambayar suna da gaskiya. Bakano idan ya ce zai fita da iyali, ba shi da matarsa da yara biyu yake nufi ba. Akwai Hajiya, akwai 'yan mata, akwai samari, akwai na goye, wani lokacin har da 'yar riƙo. Yanzu kuma da kamfanin Saudiyya AROYA ya fara tashi daga Jidda tun Disamba 2024, mutanenmu da yawa sun fara tunanin haɗa irin wannan tafiya da Umara.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a gida idan baƙi sun yi yawa sai a jawo katifa a falo, a shimfiɗa tabarma, kowa ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. A jirgin ruwa babu wannan. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka rubuta masa, kuma ba a ƙara ko da jariri ɗaya a kai. Saboda haka rabon ɗaki a Kano ake yin sa, a kan takarda, kafin kobo ya fita daga aljihunka.

1. Rubuta kowa da kowa

Ɗauki takarda da biro. Kowane mai tafiya ka rubuta sunansa kamar yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarsa, da shekarun da zai kai ranar shiga jirgi, ba shekarunsa na yau ba. A gefe ka rubuta abin da ya shafi barcinsa: wa yake minshari, wa yake fitsarin kwance, wa yake tashi tahajjudi, wa yake da ciwon gwiwa, wa mota ma take sa shi amai. Kada ka ji nauyin rubuta waɗannan, domin da su za ka yi rabon.

Gidanmu ga yadda yake: ni, maiɗakina, Hajiyarmu, 'yan mata biyu masu shekara 17 da 12, samari biyu masu 15 da 11, yarinya 'yar 7, yaro ɗan 4, da jaririya 'yar wata 10. Da wannan misalin zan yi ta aiki har ƙarshe.

Gargaɗi: jariri mutum ne cikakke a lissafin jirgi. Dalilin shi ne ana ƙirga kowane rai ne daidai da gurbin da ke cikin kwale-kwalen ceto, ba daidai da gado ba. Ɗakin mutum huɗu ba ya ɗaukar manya huɗu da goyo. Yawancin kamfanoni kuma ba sa karɓar jaririn da bai cika wata 6 ba, a tafiyar da za a keta babban teku kuwa sai ya kai wata 12. Mai juna biyu da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar ita ma ba za a ɗauke ta ba, kuma a bakin jirgi za a mayar da ita. Idan akwai mai ƙaramin ciki a gidan, a ƙirga makonnin tun yanzu.

Idan akwai yaron da ba kai ka haife shi ba, ɗan ƙanwa ko 'yar riƙo, ka karɓi takardar amincewar iyayensa da sa hannunsu da tambarin lauya ko kotu. Sunan mahaifi daban a fasfo yana jawo tambaya a filin jirgi da tashar ruwa.

2. San abin da ke cikin ɗakin

Ɗakunan iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai tagar da ba ta buɗewa, mai baranda, da na alfarma mai falo. Na ciki shi ne mafi araha, girmansa yakan kama daga murabba'in mita 13 zuwa 16. Wato kusan ɗakin nan mai ƙafa 12 da 12 da magina ke yi mana, amma a cikinsa aka yanki banɗaki da wadirob.

Gadajen ƙasa biyu ne, ana iya haɗa su su zama babban gado ɗaya, ana iya raba su. Mutum na uku da na huɗu kuwa ɗaya daga abu biyu za su samu. Ko dai gadon sama da ake saukowa da shi daga silin ko daga jikin bango, a hau da tsani, ko kuma doguwar kujera da ake buɗewa ta zama gado. Bambancin nan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Gadon sama yana barin filin ƙasa a buɗe, amma wanda ke ƙarƙashinsa ba zai iya miƙewa zaune sosai ba, kuma a wasu ɗakunan idan an sauke shi dole a raba gadajen ƙasa. Kujerar kuwa idan an buɗe ta takan cinye ɗan filin da ya rage, a ɗaki mai baranda ma takan tare hanyar fita. Wannan filin shi ne inda za ka shimfiɗa darduma da asuba.

Gargaɗi: yaron da bai kai shekara 6 ba kada a sa shi a gadon sama. Wannan shawarar likitocin yara ce ko a gida, balle a ɗakin da yake motsi. Dattijai da mai ciki su ma ƙasa.

Mafi yawan ɗakuna iyakarsu mutum biyu ne, wasu uku, wasu huɗu. Masu ɗaukar biyar ko shida suna nan amma ba su da yawa a kowane jirgi, su ake fara wawashewa. Wasu jiragen kamfanin MSC suna sayar da ɗakuna biyu ko uku a haɗe da sunan masaukin iyali. Idan ka samu irin wannan ka huta da rabin wahalar da zan bayyana a ƙasa, amma sai ka nema da wuri, wata shida zuwa shekara kafin tafiya, musamman idan ta faɗo hutun makaranta na Disamba.

3. Raba mutanen a takarda

A nan aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Ka fara da ƙirga manya, domin su ne za su nuna maka yawan ɗakunan da za ka iya kamawa ba tare da matsala ba. Ƙa'idar kamfanoni da yawa ita ce kowane ɗaki sai da babba a cikinsa: mai shekara 18 a jiragen da ke tashi daga Turai, mai 21 a waɗanda ke tashi daga Amurka. Wasu suna yarda yara su zauna su kaɗai idan ɗakinsu yana manne da na iyayensu ko yana kallonsa. Wannan ba abin zato ba ne, ka sa a turo maka ƙa'idar kamfanin a rubuce.

Sai ka dawo kan namu tsarin. Hadisi ya zo cewa a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, idan sun kai goma kuma a raba musu wurin kwanciya. Saboda haka ni ban fara da tambayar ɗaki nawa kuɗina zai saya ba. Na fara da cewa 'yan mata ɓangarensu daban, samari daban, sannan na nemi babban da zai zauna da kowane ɓangare. Ga yadda ya fito:

Ɗaki na ɗaya: maiɗakina, ɗan shekara 4, da jaririya.
Ɗaki na biyu: ni da samari biyu, da ƙofa a tsakaninsa da na ɗaya.
Ɗaki na uku: Hajiya da 'yan mata uku.

Manya uku, ɗakuna uku, kowanne da babbansa. Ƙofar tsakiyar ita ce ta sa tsarin ya yi aiki. Da rana a buɗe take, ɗakunan biyu sun zama gida ɗaya mai banɗaki biyu. Da dare ana turo ta ba tare da an kulle ba, ina jin motsin samarin, ina kuma kusa idan jaririya ta tashi.

Ɗakin Hajiya na fi yi wa tunani. Ita gadon ƙasa na kusa da banɗaki, domin tana tashi sau biyu ko uku. 'Yar shekara 7 ta ɗauki ɗaya gadon ƙasan, manyan biyu suka hau sama. Da zan sake, zan rage mata mutum ɗaya. Tsohuwa mai tashi ƙarfe uku ta yi alwala ta kunna fitila ba ta jituwa da 'yan matan da suka kai sha ɗayan dare suna hira, kuma banɗaki ɗaya ga mata huɗu da safe ba ƙaramin jira ba ne. Idan mahaifiyarka tana amfani da keken guragu ko sandar dogarawa, ka nemi ɗakin da aka tanada don masu buƙata ta musamman: ƙofarsa ta fi faɗi, banɗakinsa ba shi da dokin ƙofa. Banɗakin sauran ɗakunan yana da tudu a bakinsa da ake tsallakawa, kuma a cikin duhu shi ne yake kayar da mutane.

Masu mata biyu ko fiye sun fi kowa yi mini wannan tambayar, a asirce galibi. Amsata ita ce kowace mace da ɗakinta da 'ya'yanta ƙanana, kuma ɗakunan su zama iri ɗaya, farashi ɗaya, hawa ɗaya. Kada uwargida ta samu baranda amarya ta samu marar taga, ko akasin haka, ko da ejan ya ce shi kaɗai ya rage. Gara dukansu su sauka zuwa na ciki. Sunanka a ɗaki ɗaya kawai zai fito a takarda, to ka faɗa musu dalilin tun a gida, ka kuma bar gurbin mutum ɗaya a ɗaya ɗakin domin kada ku wuce adadinsa a daren da kake can. Tafiyar kwana bakwai ba ta rabuwa biyu daidai, saboda haka a zauna a yanke yadda za a yi da daren da ya yi saura, ko a ci gaba da lissafin girki daga inda aka tsaya a gida, ko a rama bayan an dawo. Idan kuwa ba duka za a tafi da su ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ka tuntuɓi malaminka kan wannan kafin ka tuntuɓi ejan.

Gargaɗi: 'yar aiki ko mai raino ita ma fasinja ce, da kuɗinta da bizarta da gadonta. A sa ta ɗakin mata. Kada a haɗa ta da samarin gida don a rage kuɗin ɗaki, haka ma 'ya'yan 'yan'uwa da suka balaga waɗanda ba muharraman juna ba.

4. Buɗe taswirar jirgin

Kowane kamfani yana da taswirar jiragensa hawa-hawa a shafinsa na intanet, kyauta. Ka buɗe ta a kwamfuta, waya ta yi ƙanƙanta. A ƙasanta akwai bayanin alamomi: wata alama tana nuna ɗaki mai gadon sama ɗaya, wata mai biyu, wata mai kujerar gado, sannan ɗan layi ko kibiya tsakanin ɗakuna biyu tana nuna akwai ƙofa a tsakaninsu.

Ɗakuna masu ƙofar tsakiya daban, ɗakunan da suke maƙwabta kawai daban. Na biyun sai ka fita farfajiya ka ƙwanƙwasa. Mutane da yawa sun biya suna zaton na farko ne.

Gargaɗi mafi girma a wannan matakin: lambobi a jere ba sa nufin ɗakuna a jere. A jirage da yawa lambobi masu rabuwa biyu suna gefe ɗaya na jirgin, marasa rabuwa suna ɗaya gefen, kowanne da doguwar farfajiyarsa. Wannan ya same mu. Wanda ya yi mana buking ya ga lambar ɗakin Hajiya tana bin tamu sai ya ɗauka bango ɗaya ya raba mu, ni ma ban duba taswira ba. Da muka shiga sai ga ta a can ɗaya ɓangaren, sai ka je wajen lif ka zagayo. Jirgin ya cika, babu canji. Kwana bakwai ina wannan zirga-zirgar, kuma abin da ya fi damuna shi ne da wani abu ya same ta cikin dare ba zan ji ba. Manyan jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300, wato kusan filin ƙwallo uku a jere. Kuskuren lamba ɗaya tafiya ce.

Wajen zaɓen wuri, tsakiyar jirgi a hawan ƙasa-ƙasa ya fi kwanciyar hankali, nan za ka sa masu jiri da amai. Gaba da can sama sun fi lilo. Ka duba hawan da ke samanka da wanda ke ƙasanka: ka fi so ɗakunan kwana su kasance sama da ƙasa. Ƙarƙashin wurin wanka ko babban ɗakin cin abinci ana jan kujeru tun asuba, saman gidan kiɗa kuwa har bayan tsakar dare ana dukan bango. Kusa da lif yana da amfani ga dattijai, amma ka bar ɗaki uku ko huɗu a tsakani saboda hayaniya.

Dabarar da ke rage kuɗi: iyaye su kama mai baranda, manyan yara su kama na ciki da ke kallonsa ƙofa da ƙofa. Ni kaina ban so baranda ga ɗakin da ɗan shekara 4 yake ba. Yaro yana jan kujera ya taka.

5. Yi lissafin kuɗi

Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Mutum biyun farko a kowane ɗaki suna biyan cikakken kuɗi ko da ɗayansu jariri ne. Na uku da na huɗu suna samun ragi, wani lokacin ma yara kuɗin haraji da na tasha kawai ake karɓa musu. Wanda ya zauna shi kaɗai kuwa yakan biya kusan kuɗin mutum biyu, saboda haka ba wa Hajiya ɗaki ita kaɗai ba ya zuwa da sauƙi.

Bari mu ƙaddara lambobi don a gane, ba farashin wani kamfani ba ne. A ce cikakken kuɗi dala 700, na ragi dala 300. Mu goma a ɗaki uku: shida za su biya cikakke, 4,200 ke nan, huɗu su biya na ragi, 1,200, jimilla 5,400. Ka lura da wani abu: ko ka raba su huɗu, huɗu, biyu, ko uku, uku, huɗu, kuɗin bai canza ba. Don haka babu ribar cusa mutane a ɗaki biyu a bar na uku da sarari, ka raba yadda za a ji daɗi. Idan ka ƙara ɗaki na huɗu, takwas za su biya cikakke, biyu na ragi, jimilla 6,200. Bambancin dala 800 ne, kuma da shi ka sayi ƙarin banɗaki da barcin tsohuwa. Sai dai ɗaki na huɗu yana buƙatar babba na huɗu.

Sai kuɗin hidimar ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, galibi tsakanin dala 12 zuwa 20, wasu kamfanonin suna rage wa yara. Mutum goma, dare bakwai, a kan dala 15, ya kama 1,050. Mutane suna mantawa da shi sai ranar sauka su ga takarda. Ka sa shi cikin abin da za ka canza a Wapa ko ka zuba a asusunka na dala tun farko.

Gargaɗi: akwai farashi mai rahusa da suke kira garanti, inda kake biyan nau'in ɗaki, kamfani ya zaɓa maka lamba daga baya. Ga mutum da matarsa ba laifi. Ga mai ɗaki uku kuwa araha ba ta ado: za ka iya samun ɗaya a hawa na 5, ɗaya a na 11. Haka nan idan an yi maka tayin ɗaga darajar ɗaki kyauta, ka ƙi, domin ɗaki ɗaya za su ɗauke su raba ku. Ka ce a rubuta a buking ɗin cewa ba a canza muku ɗaki.

6. Kama ɗakunan

Shafin intanet yakan yi gardama idan mutane sun wuce huɗu ko biyar, don haka babban iyali ya fi sauƙi ta hannun ejan ko ta kiran kamfanin. Masu shirya Hajji da Umara a Kano sun ƙware a tikiti da biza da otal, amma ba kowannensu ya taɓa sayar da ɗakin jirgin ruwa ba. Tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa. Ka je masa da lambobin ɗakunan da ka zaɓa daga taswira, da na madadinsu, kada ka ce masa "ka samo mana masu kyau."

Kafin ka biya kafin alƙalami, ka ga waɗannan a rubuce a takardar kamfanin jirgin, ba a saƙon murya ba: lambar kowane ɗaki, sunayen waɗanda ke cikinsa, adadin da yake ɗauka, irin gado na uku da na huɗu, da tabbacin ƙofar tsakiya. Ka sa a haɗa lambobin buking ɗinku wuri ɗaya domin a ba ku teburin cin abinci ɗaya da lokaci ɗaya. A nan ne kuma ake neman gadon jariri, kyauta ne a mafi yawan jirage amma ba su da yawa.

Cikon kuɗin galibi ana biyan sa wata biyu zuwa uku kafin tafiya, daga nan kuma fasawa tana da tara mai ƙaruwa. Saboda haka ka fara neman biza da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin Bahar Rum da ke tashi daga Basalona ta Sifaniya ko Jenowa ta Italiya yana buƙatar bizar Shengen (bizar da ƙasashen Turai da yawa suka haɗu a kanta), wanda ke yawo tsakanin ƙasashen Tekun Fasha kuma ka tambayi abin da kowace tasha take nema ga mai fasfon Najeriya, da ko bizarka tana ba ka damar shiga fiye da sau ɗaya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Idan aka hana babba ɗaya biza, ba shi kaɗai ya rasa tafiya ba, ɗakin da aka rubuta da sunansa ya rasa babba, duk rabon sai an sake shi.

7. Kayan da za su taimaki ɗakin

Akwatuna suna shiga ƙarƙashin gado idan ba su yi kauri ba, don haka matsakaita sun fi manyan nan na Umara. Bangon ɗakin ƙarfe ne, maratayi mai maganaɗisu yana kama shi, ka sayi goma ko fiye don hijabai da jallabiya da tawul. Ka taho da ƙaramar buta ta roba ga kowane ɗaki, da 'yar fitilar dare mai batir, domin ɗakin ciki idan an kashe wuta ko tafin hannunka ba ka gani, kuma babu hasken da zai nuna maka gari ya waye, sai ka sa agogo don asuba. Soket ɗinsu galibi irin na Turai ne ko na Amurka, namu mai baki uku ba ya shiga, ka nemi adafta a Sabon Gari ko Farm Centre. Mai fitsarin kwance a taho masa da ledar shimfiɗa.

Gargaɗi, musamman ga iyayenmu mata: babu turaren wuta. Babu kasko, babu gawayi, babu na tsinke, babu na lantarki. Gobara ita ce abin da jirgi ya fi tsoro, kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi. Humra da turaren fesawa sun isa. Dutsen guga, hita, risho da ekstenshan mai kariyar wuta duk ana ƙwace su a bakin shiga. Masai ɗinsu kuma da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, audugar mata ko tsumman goge jariri ɗaya yana toshe na ɗakuna da yawa. A gaya wa yara.

8. Ranar shiga

Kowa za a ba shi kati, shi ne makullinsa, shi ne shaidarsa, da shi kuma ake sayayya. Katin yana buɗe ɗakin da aka rubuta mutum a ciki ne kawai. Da kun ajiye jaka ka wuce risefshan ka nemi ƙarin katin buɗe ƙofa na sauran ɗakunan, kai da maiɗakinka, ka kuma sa a rufe ko a taƙaita sayayya a katin yara.

Sai ka nemi mai kula da ɗakunanku, zai zo ya gabatar da kansa da yamma. Faɗa masa gadajen da za a haɗa da waɗanda za a raba, ya buɗe ƙofar tsakiya, ya sa makarin gefe a gadajen sama, ya kawo ƙarin filo da tawul. Idan barandarku tana jere, tambaye shi ko ana buɗe shingen tsakani. Ka roƙe shi ya riƙa naɗe kujerar gado da safe, ya buɗe ta bayan Isha'i.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, dole ne ga kowa har jarirai. Bayan haɗarin jirgin ruwan Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012 aka tsaurara dokar, ya zama ana yin sa kafin tashi ko da zarar an tashi. Kowane ɗaki yana da wurin taruwarsa, an rubuta a katin da bayan ƙofa. Ka duba na ɗakunanku duka. Idan sun bambanta, ka je risefshan a ranar ka nemi a daidaita, in bai yiwu ba kowane babba ya san yaran da ke wuyansa da inda zai kai su. Wannan ne ya sa ba na son a rubuta mutum a wani ɗaki ya koma kwana a wani mai nisa. Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai alamar wurin taruwarsu, kada a cire. Ka tabbatar akwai rigar ceto daidai jikin kowane yaro, ta jarirai sai an nema.

9. Tsarin dare

Daren farko ka tara kowa ka kafa doka. Ba a buɗe wa kowa ƙofa sai an leƙa ta ramin ƙofar. Yaro ba ya fita farfajiya shi kaɗai bayan an kwanta. Ƙofar baranda a kulle da makullin sama. Kowane ɗaki akwai waya, kiran ɗaki zuwa ɗaki kyauta ne, ka rubuta lambobin ɗakunan da manyan baƙaƙe ka manna kusa da ita, ka sa 'yar shekara 7 ma ta gwada kira a gabanka.

Wanka a raba shi, ƙanana da dare, manya da safe, in ba haka ba karin kumallo zai wuce ku. Salla kuma bi da bi, ko maza su taru a ɗaki ɗaya mata a ɗaya. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kamfas ɗin waya kuma ƙarfen jirgin yana rikita shi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita muke gane gabas. A tambayi risefshan ko akwai ɗakin salla.

Idan dare biyu sun wuce ka ga wani ba ya samun barci, ka sauya masa gado a cikin ɗakinsa ko tsakanin ɗakuna masu ƙofar tsakiya, ba tare da wuce adadin ɗakin ba, ka kuma sanar da mai kula da ɗakin.

A daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna farfajiya kafin a kwanta, ma'aikata su kwashe, ba za ku sake ganin su ba sai a tasha. Kafin a zuge zif, kowane babba ya bi yaran ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya ya ware musu kayan barci, kayan safe da takalma, ya ajiye fasfo, maganin Hajiya, madara da kunzugun jaririya a jakar hannu.